Dokar Mai Wayarin

Mai Wayarin ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tsani, kansa cikin silin ɗin mutane. Rabin gidajen layinsu shi ya ja musu wayar wuta, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa nuna gidan da ya kama da wuta aka ce hannunsa ne ba. Gajere ne, maganarsa ma gajera. In ya shiga falonka, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya zagaye soket-soket ɗinka ya yanke musu hukunci.

Doka ɗaya gare shi, da ita ya raini 'ya'yansa: ba a jona abu mai daraja kai tsaye a bango. Wutar unguwarsu ba ta da alƙawari. A ɗauke ta ba sallama, a dawo da ita da ƙarfin da zai soya firij. Ya sha ganin talabijin na hayaƙi, mai ita na salati. Don haka komai na gidansa sai ya bi ta sitabilaiza, akwatin nan na ƙarfe mai daidaita ƙarfin wuta, kuma kowane ɗaki da nasa. Marigayiya matarsa takan ce da da hali, ita ma ta sitabilaiza zai jona ta.

Bayan rasuwarta, yara kowa ya kama gabansa, ya rage shi kaɗai a gidan da ya gina da guminsa. Bai taɓa kuka da kaɗaici ba. Sai da wata safiya santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya kwanta a nan har mai shagon ƙofar gida ya ga shirun ya yi yawa ya leƙo.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya ce magana ta ƙare, Baba zai koma wurinsa. Yaya a saman bene yake zaune can wani gefen gari, inda ko ƙusa ba ka bugawa sai da izinin mai gida. Mai Wayarin ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta shiga tsakani. Ta ce a sa masa intanet, a ajiye masa waya mai babban allo a gefen gado, a riƙa kiransa safe da yamma ana ganin fuskarsa.

Yaya ya yarda da ƙyar. "To, na ji. Amma Baba, duk ranar da aka kira ba a same ka ba, ranar zan zo da mota."

"Allah ya kai mu," in ji tsohon.

Masu intanet suka zo suka kafa na'urarsu a falo, inda wayarsu ta shigo. Sai ga matsala. Ɗakin Mai Wayarin can ƙurya yake, bayan dogon lungu, kuma bangon gidan ba na wasa ba ne, don shi da kansa ya tsaya a kan magina. Sabis ɗin waya ma a bakin lungun yake tsayawa, balle intanet. Aka ce ya dawo da gadonsa falo, ya ce shi ba baƙo ba ne a gidansa.

Auta ta je ta dawo da wasu fararen abubuwa guda biyu, kowanne kamar sabulun wanki. Ta jona ɗaya a soket ɗin falo ta haɗa shi da na'urar, ta kai ɗayan ɗakinsa.

"Ina igiyar da za ta haɗa su?" ya tambaya.

"Babu, Baba. Ta cikin wayar wutar da ke bango intanet ɗin zai bi ya fito nan."

"Wayata?"

"Wayarka."

Wata 'yar fitila ta kama koriya, nan take fuskar Yaya ta fito a allo tar. Daɗi ya kashe Mai Wayarin, amma bai nuna ba. Cewa ya yi kawai waya ce mai kyau ya sa, ba irin ta yanzu ba. Sai idonsa ya sauka a kan soket, fuskarsa ta canza.

"Ke, a bango kika jona?"

"Haka ake yi, Baba. In ya bi ta sitabilaiza, sai ya ɗauki intanet ɗin a matsayin dattin wuta ya tace shi, ba abin da zai wuce."

"Ni za ki koya wa wuta?"

"Wane ni! Amma don Allah ka bar su yadda suke."

Bai bar su ba. Tana fita ya mayar da su inda doka ta ce. Da ta kira da yamma ba ta same shi ba, ta haye babur ta taho a guje, ta tarar da shi yana shan shayi. Ba ta faɗa wa Yaya ba. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, in sun ƙone zan sayo wasu. In Yaya ya ɗauke ka, ba ni da yadda zan dawo da kai." Wannan maganar ta shige shi. Ya yi alƙawari, kuma ya riƙe shi wata da watanni, ko da yake duk wucewar da zai yi ta gaban soket ɗin sai ya yi tsaki.

Zaman ya yi daɗi. Da safe Auta, da yamma Yaya da jikoki, suna tura fuskokinsu cikin allo har ba a ganin komai sai hanci. Har aski ya riƙa yi don kira.

Ranar da abin ya faru, hadari ne ya haɗo da hantsi. Ƙwan falo ya fara lumshewa yana buɗewa, fanka ta yi gudu kamar za ta tsinke, ta dawo tana jan jiki. Mai Wayarin ya san wannan alama sarai, daga ita sai ƙauri. Ya tsaya yana kallon ɗan farin abin nan a bango, ba komai tsakaninsa da wutar kamfani, kuma kuɗin 'yarsa ne. Hannunsa ya kasa haƙuri. Ya ce a ransa zuwa ruwa ya ɗauke kawai, ya zare shi ya jona a sitabilaiza, ya je ɗaki ya yi wa ɗayan haka.

Ruwa ya ɗauke da azahar. Ya yi salla, ya ci abinci, ya bi ta falo ya rufe taga, ya koma ɗaki ya kishingiɗa. Iska mai sanyi na shigowa, barci ya yi gaba da shi.

Ƙarar karyewar katako ce ta tashe shi. Ya fito lungu ya ga ƙofar gidansa a rataye da hinji ɗaya, mai shago riƙe da guduma, Yaya na haki, Auta ba ko takalmi. Sun kira har sun gaji, sun buga ƙofa bai ji ba. Ta rungume shi tana kuka, shi kuwa ƙofar yake kallo.

Ya yi musu bayani dalla-dalla: yadda ƙwan ya yi, yadda fanka ta yi, abin da ke biyo baya. Bayanin ba shi da makusa, mai shago ma sai gyaɗa kai yake.

Auta ce ta share ido ta tambaya a hankali, tana nema masa mafita. "Amma Baba, ruwan tun azahar ya ɗauke. Wutar ce ba ta daidaita ba?"

Da ya ce e, da ta tsaya masa, kuma ya san haka. Ya dubi ƙwan falo yana ci lafiya lau. Ya tuna ya zo har nan ya rufe taga, ƙafarsa na gogar sitabilaizan, bai ko tuna ya mayar da su bango ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi a banɗaki.

"Wuta lafiyarta ƙalau," ya ce. "Mantawa na yi."

Ya zauna a hannun kujera, ya goge tafukansa a gwiwa.

"Auta, akwai jaka a saman sif, sauko mini da ita." Ya juya ga Yaya. "Kai kuma nemo kafinta ya gyara ƙofar nan tukuna. Ba a tafiya a bar gida a buɗe."