Dila Shida a Cikin Motar Alhaji Garba

Cikin duk lodin da na yi a Guangzhou, ban taɓa mantawa da ranar da na cusa wandunan jins a cikin motar Alhaji Garba ba. Ku sababbin zuwa ku saurara, don na san hannunku na ƙaiƙayi yadda nawa ya yi.

Lokacin ina shekara ta huɗu a sitonmu, ni ne mai kula da lodi, Oga Ɗanjuma yana sama da ni. Aikin kun san shi: ɗan kasuwa ya sayi kaya a kasuwar Canaan, a kawo mana, mu auna, mu jera a kwantena. Fili ake biya, saboda haka dokar farko ita ce ba a tura iska Legas. In bokiti ne a cika shi da silifa, in firji ne a ɗura masa atamfa.

Alhaji Garba kwastomanmu ne daga Kano, dillalin kayan sawa, mutum mai lissafi, sai a wuri ɗaya. Shekara bakwai yana haɗa mota a garejin gidansa, kwaikwayon irin motocin tseren Turawan da, marasa rufi, masu kujera biyu. Ƙashin wata tsohuwar mota ya samu, yana tsintar fitila nan, sitiyari can. Oga kan ce abin da ya narkar ya isa sayen sababbi biyu, kuma in an kai ta kasuwa ko mai adaidaita ba zai taya ba. Alhaji sai ya yi dariya. Mahaifinsa ya yi wa wani Bature aiki yana saurayi, kullum shi ke wanke irin wannan motar, bai taɓa zama a ciki ba. Yanzu tsohon ya haura tamanin, ido ya fara tafiya, Alhaji yana so ya zagaya da shi tun da sauran numfashi.

Abin da ya rage shi ne bodi. Wani ɗan Sin ya zuba masa na faiba, wato roba mai tauri, aka kawo mana a akwatin katako. Alhaji ya biya filin akwatin gaba ɗaya, ya wuce baje koli a Pazhou.

Ranar Laraba da hantsi na leƙa ta tsakanin katakon, na ga ciki wayam. Wallahi raina ya ɓaci. Wannan uban fili! Na sa aka ɓalle katako biyu, aka danna dila shida na jins ɗin Alhajin, har ina taka ta ƙarshe da ƙafa, ina jin na yi masa gwaninta. Mai injin ɗaga kaya na cira akwatin, sai muka ji ƙas. Bodin ya tsage daga ƙofar fasinja har bayan kujera.

Oga ya zo ya duba, ya dube ni.

"Sabi'u, mota ce ko buhu?"

"Oga, fili na gani."

"To ga waya. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Alhaji ya iso bayan azahar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna yana bin tsagar da yatsa, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, akwai wani gam mai ƙarfi..."

Ya ce, "Malam Sabi'u, gam? Kofin shayi ka fasa?"

Muka kira mai faibar. Alhaji ya tambayi sabo, mutumin ya ce, "Meyo, lawban," wato babu, maigida. Sai an sake zubawa, kwana arba'in. Kwantenarmu kuwa washegari za ta tashar jirgi, ga kusan wata biyu a ruwa. Oga ya ba da shawarar a jira sabon, sito ya ɗauki asarar, ni kuma a ji da ni daga baya. Na san abin da "daga baya" take nufi.

Alhaji ya miƙe tsaye, ya ce, "A fitar da jins, a rufe, a tura ta haka. Akwai mai gyaran bodi a Kano. Baba ba ya ganin tsaga, kuma ban san ko yana da kwana arba'in na jira ba." Ya juya ga Oga. "Kar a taɓa Sabi'u. Tattali ya yi mini, ya yi yawa ne."

Kunya ta kusa kashe ni.

Bayan wata biyar sai ga bidiyo a wayata. Motar ko fenti babu, ƙofar fasinja da faci kamar gwiwar wandon makanike, ƙara kamar injin markaɗe. Ga tsoho a zaune, ya dafe hula, yana dariya da bakin da ba haƙori. Ba su kai ƙarshen layi ba ta mutu. Aka ce ya sauko, ya ƙi, sai maƙwabta suka turo su gida yana ɗaga wa mutane hannu.

Alhaji ya biyo da saƙon murya: "Malam Sabi'u, ga dilar da na biya wa filin."

Na kalla ya fi sau goma, ina dariya ina share ido. Mu masu lodi tef ɗin awo ne a hannunmu, mun san tsawo da faɗin komai, amma ba mu san abin da mai kaya yake nufi da kayansa ba. Saboda haka in kwastoma ya biya fili ya bar shi wayam, ku ajiye dilar nan, ku ɗauki waya ku tambaye shi.