Orval Pruett Ya Rasu da Sukudireba a Hannu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Allah ya yi wa Orval Pruett rasuwa a hamadar Quartzsite da ke jihar Arizona, yana da shekara saba'in da uku. A cikin motata ya cika, a durƙushe, tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba. Yau kwana tara ke nan, amma har yanzu in na faɗa wa kaina wannan magana, sai in ji kamar labarin wani mutum ake ba ni wanda ban taɓa gani ba.

Bai yi jinya ba. Bai ce ko kansa na ciwo ba. Da safen nan ya ci ƙwai biyu da gasasshen burodi, ya yi wa matarsa Verna tsiya wai kofinta ya yi ruwa, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya tako da ƙafarsa har inda na yi fakin. Wanda duk na buga wa waya daga cikin mutanenmu, mu da ke zaune cikin motoci masu ɗaki muna gangarowa kudu duk hunturu, tambaya ɗaya yake yi mini: "Wane Orval ɗin?" Alhali kowa ya san Orval ɗaya gare mu.

Orval, shekara tara da suka wuce na fara ganinka. Maigidana Leland bai cika shekara da rasuwa ba, na ɗauko tsohuwar motarmu ƙirar 1976 ni kaɗai, karo na farko. A hawan dutsen da ke kusa da Flagstaff ta fara tari, baƙin hayaƙi na tashi a bayana, ƙarfinta na mutuwa har na gangara gefen titi. Ina zaune na riƙe sitiyari ina kuka, sai ga ka ka ƙwanƙwasa gilashi.

"Baiwar Allah," ka ce, "tun mil biyar nake shan hayaƙinki. Tuƙi kike yi, ko nama kike ƙyafewa?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye ba. Ka shigo, ka ɗage murfin injin da ke tsakanin kujerun gaba biyu, ka nuna mini kafireto, ka ce nan ne fetur ke gauraya da iska kafin inji ya sha. Ka ce a kan dutse iska ba ta da kauri, shi kuwa yana ta zuba fetur kamar yana bakin teku, shi ya sa motar ke ƙwarewa. Ka canza wasu 'yan ƙananan tagulla masu huda kamar ta allura, ka sa ni na riƙe maka fitila ko da yake rana tsaka ce, wai don in riƙa kallo. Verna ta kawo mini shayi daga motarku. Kuka bi ni a baya har muka sauka dutsen. Daga ranar ban ƙara yin hunturu nesa da ku ba.

Kafin ya yi ritaya, shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari na jihar Oregon. Makanikan yanzu sai sun jona kwamfuta suke sanin ciwon mota, in suka ga kafireto sai su ce a kai wani wuri. Mu kuwa Orval ne wani wurin namu. Yakan shimfiɗa farin tawul a kan teburin waje, ya wargaza kafireto ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗan noti da ɗan sifirin ya jefa shi a gurbinsa cikin tiren gasa kek na Verna. Tire uku ya lalata mata da na sani. Ya jiƙa gangar jikin a ruwan wanki, ya hura kowace kafa da iska, ya ɗaga ta sama ya leƙa hasken rana ta ciki. In ya mayar, sai ya ɗora kofin ruwa a kan murfin tace iska ya zuba masa ido. Muddin ruwan na rawa, bai gama ba.

Ba zan manta da wata rana ba, shekara uku da suka wuce. Yana wucewa ta gefen motar wasu ma'aurata baƙi da suka zo daga Ohio da jaririyarsu, sai ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya bugi ƙofarsu kamar zai karya ta. Matar na shirin kunna murhu za ta dafa abincin rana. Orval ya ce, "Ajiye ashanar nan, ki ɗauko yarinyar, ku fito!" Mijin ya taso da faɗa, yana tambayar ko shi wane ne. Orval ya ce, "Ka fara fitowa tukuna, sai ka zage ni a waje." Da aka ɗage murfi, fetur ne ya kwanta a kan injin kamar tafki, kafireton na ta ɗiga tun safe. Mijin ya zauna a ƙasa. Kwana biyu Orval ya yi a kan motarsu. Har bara suna aiko masa da hoton yarinyar.

Aikinsa na ƙarshe nawa ne, kuma dole in faɗi yadda aka yi.

A watan Disamba motata ta mutu mini a tsakiyar mahaɗar titi a Yuma, motoci na ta hon, har sai da 'yan sanda suka tura ni gefe. Ɗana Garrett, da ke Spokane, ya ji labari. Ya ce, "Mama, ya isa haka. In ta sake mutuwa sau ɗaya, zan zo in ɗauke ki, a sayar da ita." Ya riga ya gyara mini ɗaki a ƙasan gidansa. Yaron kirki ne, tsoro ne ya sa shi. Amma motar nan ita ce gidana. Leland ne ya ƙera kabad ɗinta da hannunsa, a kan gadonta ya yi jinyarsa ta ƙarshe.

Da na gaya wa Orval, sai ya ce, "Marvella, ki ce wa yaron ya zuba dankali a ɗakin. Ke da ɗakin ƙasa sai dai ziyara."

Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa ya cire kafireton. Ya gano ɗan kwanon da ke yawo a kan fetur yana rufe hanyar mai in kafireton ya cika ya huje, ya sha mai ya nutse, shi ya sa inji ke shaƙewa. Ya canza shi, ya canza allurar da ke toshe hanyar man da gasket mai hana yoyo, ya wanke komai. Ranar Talata ya zo ɗaurawa. Bugu ɗaya ta tashi. Da ta yi zafi sai ya durƙusa a gefena, ya ce, "Sa ta a giya, ki take birki. Ko me kika ji, kada ki ɗaga ƙafar nan, in ba so kike mu shiga kicin ɗin Dolores ba." Motar maƙwabciyata Dolores ce a gabanmu.

Na take birki, idona a gaba. Sukurori biyu ne ake murɗawa don daidaita fetur. Ya murɗa na hagu, na ji rawar da ke cikin sitiyari tana kwantawa. Ya ce, "Kin ji? Ta fara hankali." Ya koma na dama. Sai ya jingina kansa da gefen kujerata, ya yi shiru.

Orval, na ɗauka saurare kake yi. Haka kake yi kullum, ka rufe ido, ka karkatar da kai. Na ci gaba da take birki kamar yadda ka ce. Har na yi maka magana, na ce yau Verna ta ce wake za ta dafa. Ban san minti nawa ba ne. Ɗaya, ko biyu. Sai da na ji sukudireban ya zame daga hannunka ya bugi ƙarfe sannan na waiwaya.

Dolores tsohuwar nas ce. Ita ta jawo shi ƙasa tana danna ƙirjinsa har motar asibiti ta iso daga gari. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya gaba ɗaya, ko a ƙofar asibiti abin ya same shi ba lallai a yi komai ba. Na ji, na kuma gode masa. Amma kwana uku ina ƙirga mintocin nan, na kasa ɗaga ido in dubi Verna, na kasa taɓa makullin motar.

A rana ta huɗu da hantsi ita ta zo da kanta. Ta hau kujerar gefe ta zauna, murfin injin na nan a buɗe yadda ya bar shi.

Na ce, "Verna, da na waiwaya da wuri…"

Ta ce, "Ya ce kada ki ɗaga ƙafa, ko ba haka ba? Shekara arba'in da takwas ina tare da shi, ban taɓa ganin wanda ya ji maganarsa kamar ke ba. Tayar mini da ita in ji."

Na tayar. Ta zauna tana saurare, hannunta a cinya. Can sai ta ce, "Bai ƙarasa na dama ba. Sa ta a giya." Ta sauka a hankali ta durƙusa, ta lalubo sukudireban, ta murɗa kaɗan, ta dakata, ta ƙara ɗan kaɗan. Injin ya kwanta luf, har ina jin kukan tsuntsaye a waje. Ban taɓa ganin ta riƙe ko sifana ba. Ta goge hannunta da gefen riga, ta ce, "Yanzu ya gama." Sannan ne ta fashe da kuka, na kashe motar na rungume ta.

Garrett ya bugo ya yi ta'aziyya. Bai sake tayar da maganar ɗakin ba.

Allah ya jiƙanka, Orval Pruett. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutanen da ka tsinta a gefen titi ba ka san ko sunansu ba. Allah ya ba ka hutawa a wurin da ya fi nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Verna, da 'yarsu Corinne da mijinta, da jikokinsa huɗu, da ƙanwarsa Ardith da ke Idaho, da dukan mutanenmu da ke warwatse a hamadar nan waɗanda har yanzu wasu ba su ji ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Za a yi masa addu'a a garinsu ranar 1 ga Fabrairu. Idon Verna bai kai na dogon tuƙi ba, kuma ta ce ba za ta hau jirgi ba. Gobe da safe zan ɗauke ta, da ita da tokar gawarsa da aka ƙone bisa al'adarsu, mu kama hanyar Oregon.

Marvella Tibbs
Quartzsite, Arizona