Ranar da Baba Ya Ƙetarar da Janar

Babanmu masunci ne a Gummi kafin ya shiga soja, kuma kamun kifin ya koma bayan an gama yaƙin basasa. Ina 'yar budurwa nakan bi shi gulbi da la'asar, in kwanta cikin jirginsa, ruwa yana lilo da ni, shi yana ɗinkin taru yana magana a hankali. Rabi nake ji, rabi barci ya kwashe.

Labarin ɗaya ne kullum. Wata safiya can kudu, an karya gada, hazo ya lulluɓe kogi, aka tambayi wanda ya iya tuƙin jirgi. Baba ya fito. Wanda ya shigo ya zauna gabansa kwamandansu ne da kansa, wanda daga baya ya zama Janar.

"Ɗiyata, shina ta kallon ruwa har muka ƙetare," in ji Baba. "Da za shi sauka ya ce, 'Gulbin garinku haka shike?' Na ce, 'Ranka shi daɗe, namu ya hi sanyi.' Ya yi dariya."

A cikin gyangyaɗina kogin nan da namu sukan haɗe, in ga sojoji suna tafe cikin shinkafar fadama, takalmansu ba sa ƙara.

Shekaru suka shuɗe. Janar ya tuɓe kaki, ya sa babbar riga, aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Lokacin ina aure a Anka. Da rediyo ya ce ayarinsa zai ratsa ta wajenmu, sai ga Baba da Inna a ƙofar gidana, shi da tsohuwar hular soja.

"Na hana shi, ya ƙi," in ji Inna. "Dubi gwiwa tai."

Muka tsaya bakin titi cikin jama'a. Motoci suka wuce, gilasai baƙaƙe, ba mu ga fuskar kowa ba. Baba ya ƙame ya sara, bai sauke hannu ba sai da jiniya ta ɓace.

Na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai ya ce yunwa yake ji. Muka zauna wurin wata mai masa, yana ci, ya fara kiran sunayen abokansa da ba su dawo ba, kowa da garinsu: wannan Bukkuyum, wancan Nasarawa Burkullu. Ban taɓa jin ko ɗaya ba. Inna ma ba ta taɓa ji ba. Mai masar ta sauke tanda ta matso kusa.