Ashiru Ɗan Bala, Mai Zanen Masu Mulki

Haihuwa da tasowa

An haifi Ashiru Ɗan Bala a Agiye a shekarar 1951. Mahaifinsa Jibrilla kafinta ne, sunan mahaifiyarsa Cima. Bai taɓa taka lakol, wato makarantar boko, ba, kuma har ya koma ga Allah bai yi nadama ba, domin cikin waɗanda suka taka ɗin, tun daga Gazawa har Gidan Rumji, ba a samu wanda ya iya fitar da hancin mutum a jikin katako kamarsa ba.

Sana'a da aure

A 1975 aka fara kiransa wani buro, wato ofishin gwamnati, ya zana mai mulkin lokacin, daga nan aiki ya bi shi shekara talatin da shida. A 1978 ya auri Zulai 'yar Gidan Sori, suka sha yunwar 1984 tare, suka fita da ransu. Da yake katako mai kyau wuya gare shi, ya ƙirƙiro dabararsa: idan aka sauke wani, sai ya ɗauko tsohon hoton, ya bar riga da kujera yadda suke, ya shafe kan, ya ɗora sabo. Akwai katakon da ya ɗauki kai biyar, kuma kowanne cikinsu ya yaba kyan rigarsa.

Abin da ya faru a 2011

A wannan shekara aka zaɓi sabon magajin gari a wata ƙaramar hukuma ta yamma, wanda ya kayar da tsohon magajin, wani Bagobiri, bayan hamayya mai zafi. Fentin mai ya yanke a kasuwa, Ashiru ya yi fuskar da na ruwa a kan hoton tsohon magajin. Da damina ta kankama, rufin buron ya yi yoyo, ruwa ya bi hoton, sai ga tsagar Gobir ta tsohon magajin ta fito raɗau a kumatun sabon, wanda ko ɗigo ba shi da shi. Magoya bayansa suka ce makirci ne na 'yan adawa. Da aka kira Ashiru, abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, aikin ruwa ne." Ba a karɓi uzurinsa ba, aka soma odar hotuna daga Maradi.

Shekarun ƙarshe

Ya koma rubuta sunaye a jikin amalanke, yana kwaikwayon haruffan da aka rubuto masa a takarda. Duk lokacin da mulki ya sauya yakan wanke buroshi ya zauna a ƙofar gida da sabuwar hula. Haka ya yi a 2021, haka a 2023, ga ido ya yi rauni. Ba a aiko ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata cikin watan Sha'aban na 2024, yana da shekara saba'in da uku, aka yi masa sutura a maƙabartar Agiye bayan azahar. Ya bar matarsa Zulai da 'ya'ya huɗu: Munira, Sakina, Ado da ke noma a Sae Sabuwa, da Faruku, wanda ke buga hotunan shugabanni da na'ura a Maradi. Allah ya jiƙansa.