Yabawa Ibram da ƙugiyar da ke kan harafi

Yabawa Ibram ta rasu a Gure ranar 9 ga watan Maris na 2023, tana da shekara arba'in da biyu. A Kelle aka haife ta. Tun tana ƙarama farfaɗiya ta kama ta, iyayenta suka kai ta gidan wani boka a daji, suka baro ta can. Bokan ya sa mata mari a ƙafa, yana kulle ta a ɗaki da hayaƙin barkono, yana tsaga mata jiki da aska. Ya hana a kira ta da sunanta. Goɗiya yake ce mata, wai ita dabbar hawan iskoki ce. Sai da ta zama budurwa kawunta ya ƙwato ta.

Na san ta ne a ajin manya da na buɗe bayan na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Bakin ƙofa take zama kullum, kuma ko hayaƙin shayi ya taso sai ta fita. Wata rana tana karatu a wani littafi da aka buga ba ƙugiya ko ɗaya, ta iso kan kalmar godiya, sai ta karanta ta da ɗa, ta ce goɗiya. Littafin ya faɗi. Ta rakuɓe a bayan randa.

Da ta natsu na rubuta mata kalmomin biyu a allo, na nuna mata cewa wadda ke littafin ta yabon alheri ce. Ta daɗe tana dubawa.

"Madam, ashe wannan ɗan lanƙwasar ne kawai tsakaninsu," in ji ta.

Ranar ta ba ni labarinta. Sauƙi bai zo da sauri ba. Ta yi ta zuwa wurin lokotoro a asibitin Damagaram, wani watan ta yi barci lafiya, wani watan firgita ta dawo. Mijinta Manzo kuwa abin da ya sani shi ne tabon da ke ƙafafunta na ƙunar wuta ne.

Sai ƴarta Hamsatu ta faɗi a lakwal tana kumfa. Kafin Yabawa ta dawo daga kasuwa, surukarta ta sa an ɗaura amalanke, an naɗe yarinyar a zane za a kai ta wurin mai magani. Tsohuwar ta ce masu ita ne suka zo, goɗiyarsu ce, asibiti ba ya korar iska. Manzo yana riƙe da igiyar jakin, ya kasa duban kowa.

Yabawa ta tsaya a bakin zaure. A gaban suruka da maƙwabta ta ɗaga zanenta zuwa gwiwa.

"Inna, wannan sawun mari ne. Ni ma haka aka ce da ni. Sunan yarinyar nan Hamsatu."

Tsohuwar ta ce rashin kunya ne, a matsa. Yabawa ba ta matsa ba. Manzo ya dubi ƙafafun matarsa, ya dubi uwarsa, sannan ya kwance jakin. Hamsatu tana shan maganin asibiti har yau, tana kuma zuwa koleji.

A farkon bana Yabawa ta ji an kai wata yarinyar Kelle irin wancan gida. Ta yi niyyar zuwa ranar kasuwa ta nuna wa iyayen ƙafafunta, har ta yi wa direba magana. Zazzaɓi ya kwantar da ita kafin ranar, ba ta tashi ba. Yarinyar tana can.