Dangwali a Aji Biyu

Malama Kubura Rilwanu shekararta hamsin da bakwai, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan tana koyar da 'yan aji biyu na firamare. Ba a taɓa ba ta shugabancin makaranta ba, ita ma ba ta nema ba. 'Yar Kalgo ce. Mahaifinta masunci ne da ke noman shinkafa a fadama, aure kuma shi ya kawo ta ƙasar Gwandu, inda take aiki a wata makaranta mai ajujuwa shida a gefen Masama. Duk wanda ya leƙa ajinta zai ga igiyoyi huɗu a miƙe jikin bango, kowace da ƙananan maɗaurai goma, ga kuma kwando cike da 'yan maruƙan yumɓu. Baƙo kan ɗauka kayan wasa ne. Da su take koyar da ɗebewa, kuma idan aka tambaye ta inda ta samo dabarar, ba ta ambaton kwalejin da ta yi. Sai ta ce, "Kuskure na yi, wani dattijo ya gyara mini."

Abin ya faru ne a shekarar 2011. Bayan makarantar akwai rugar Fulani da suka daɗe da zama, suna kiwo suna noma gero. Shugaban makarantar na lokacin, Malam Zayyanu, ya shafe shekara uku yana zirga-zirga kafin dattijon rugar, Baffa Sambo, ya yarda a sa yara boko. Su goma sha huɗu aka kawo, aka zuba su a ajin Malama Kubura saboda sun ɗan tasa. A cikinsu akwai 'yar autar Baffa Sambo, Jidda, mai shekara takwas, wadda ba ta cika magana ba amma ba a maimaita mata abu sau biyu.

Tarawa ba ta ba su wahala ba. Da aka zo ɗebewa mai gida biyu sai aka tsaya cak. Idan ta rubuta talatin da biyu a ɗebe goma sha bakwai, kusan duk ajin sai su kawo mata ashirin da biyar. Sun ji an ce ba a ɗebe bakwai daga biyu, sai kawai su juya, su ɗebe biyun daga bakwai. Ta yi bayanin aro daga gidan gomomi har muryarta ta dushe. Littafin kuma misalin lemo yake bayarwa, yaran rugar kuwa ba lemo ne a gabansu ba. Sai ta yi tunanin kusanto musu da abin.

Wata Laraba ta tsayar da Jidda ta ce, "Shanun Baffa nawa ne?"

Jidda ta sunkuyar da kai. Malama ta ɗauka kunya ce. Ta juya ga allo ta rubuta da manyan baƙaƙe: Baffa Sambo yana da shanu talatin da biyu, goma sha bakwai sun mutu, saura nawa? Ta sa aji ya karanta da ƙarfi, sau uku. 'Yan gari suka karanta. Yaran rugar babu wanda ya buɗe baki. Da ta waiwaya, hawaye na zuba a kan littafin Jidda.

Washegari benci uku babu kowa a kai. Juma'a ma haka.

Malam Zayyanu ya kira ta ofis. Bai ɗaga murya ba, amma bai ce ta zauna ba.

"Malama, a rugar nan ba a faɗin yawan shanun mutum a bainar jama'a, suna gudun kambun baka. Ke kuwa kin faɗa, kin kama suna, kin kuma kashe fiye da rabi. Bara ciwon huhu ya ci musu shanu tara. Kin sani?"

Ba ta sani ba. A gidansu na Kalgo kifi ake ƙirgawa a bakin ruwa kowa na kallo.

"Baffa Sambo ya aiko," in ji Malam Zayyanu. "Ya ce an gode, yara za su koma kiwo. Idan ya tsaya a kan haka, babu gida ɗaya da zai saɓa masa."

Wannan ne ya hana ta sukuni. Yara goma sha huɗu za su bar karatu, ba don talauci ko nisa ba, sai don layi biyu da ta rubuta da hannunta. Malam Zayyanu ya ce zai je ya ba da haƙuri. Ta ce wanda ya ɓata ruwa shi ya kamata ya tsaya har ya kwanta.

Ranar Asabar bayan la'asar ta ɗauki goro da ƙullin gishiri ta bi hanyar gonaki. Zulai, matar Baffa Sambo, ita ta tare ta a bakin bukka, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce Malamar da ta yi muna yanka ba wuƙa?"

"Ni ce, Inna. Na kawo kaina."

"To zauna ki sha hura, kada a ce mun rama da yunwa."

Baffa Sambo yana zaune a kan buzu, yana murza igiya a cinyarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta yi laifi cikin rashin sani. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

"Malama, na yahe miki, ba don goro ba. Amma baki shi ka yanka wuya. Ɗiyata ta kwana tana leƙen garke, tana jiran ta ga wacce za ta fara faɗuwa. Karatun da za shi sa yaro haka, mi za mu yi da shi?"

"Misali ne kawai, Baffa."

"Awo. To mi ya hana kinka yi misalin da kifin gidanku?"

Zulai ta fashe da dariya daga bayan bukka. Malama Kubura ta ga dai an yafe mata, yaran kuma ba za su dawo ba. Tana shirin sallama sai aka fara koro maruƙa, domin a ɗaure su kafin iyayensu su dawo daga kiwo. A tsakiyar fili akwai doguwar igiya a miƙe tsakanin turaku biyu, an yi mata ƙananan maɗaurai a jere. Ita ake kira dangwali. Kowane maraƙi ya san wurinsa. Jidda ce ke bi tana ɗaura musu a wuya, ba ta ko kalli malamarta ba. Da ta gama, Baffa Sambo ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "Biyu ba su shigo ba. Ki duba bayan itacen kalgon can."

Malama Kubura ta koma ta zauna.

"Baffa, yanzu fa ka ƙirga."

"Ban ƙirga dabba ba. Igiya na duba, wuri biyu babu kowa."

"Igiyar ana ƙirga ta?"

"Igiya ba ta ciwo, ba ta mutuwa. Ƙirga ta har gobe."

Ta ce a wannan lokacin ne abin ya faɗo mata. Ga mutum ya yi ɗebewa a gabanta da ƙiftawar ido, bai kama sunan kowa ba, babu abin da ya mutu. Ta tambaye shi yadda ake yi idan za a yi tatsa. Ya ce ana sakin maruƙan ne su je wurin iyayensu, su ja nono ya sauko. Ta ce to, idan ta yi dangwali a aji, ta ɗaure maruƙan yumɓu, ba na kowa ba, kuma ba mutuwa za su yi ba, sakinsu za a riƙa yi su je shan nono, yana da magana? Ya daɗe yana murza igiyarsa.

"Wanga dai ban ga aibunsa ba," ya ce. "Amma ke ba ki iya ɗaurin ba. In kinka yi shi da kanki, yara za su yi miki dariya."

Shi ya tufka mata igiyoyin, guda huɗu. Ta roƙe shi kowace ta zama mai maɗaurai goma. Ya ce bai taɓa ganin dangwali mai wannan tsari ba, amma tunda na boko ne ba zai yi gardama ba.

Ranar Litinin yara goma sha ɗaya suka zo, Jidda ce ke ɗauke da igiyoyin a ka. Ranar ba a buɗe littafi ba. Aka fita bakin rafi aka ɗebo yumɓu, yaran rugar suka koya wa 'yan gari yadda ake fitar da tozo da kunne. Da maruƙan suka bushe, Malama ta cika igiya uku, ta ɗaura biyu a ta huɗu. Talatin da biyu ke nan. Ta ce a saki goma sha bakwai su je shan nono. Wani yaro ya kwance igiya ɗaya gaba ɗaya, goma sun tafi. Ya zo kan bakwai, ya tsaya a gaban igiya mai biyu yana sosa ƙeya. Jidda ta ɗaga hannu, karo na farko tun da ta shigo makarantar.

"Malama, ba a sakin bakwai daga igiya mai biyu. Sai a kwance ta kusa da ita."

Ta fito ta kwance goman kusa, ta haɗa da biyun suka zama goma sha biyu, ta ware bakwai. Igiya ɗaya cikakkiya ta rage, da biyar a ƙasa. Ajin ya ce goma sha biyar tun kafin a tambaya. Sai bayan nan Malama ta je allo ta nuna musu cewa ɗan layin da ake ja a kan uku, da lamba ɗaya da ake ɗorawa kusa da biyu, kwance igiyar ne da suka gani yanzu. Daga ranar ta daina cewa a yi aro. Sai ta ce a kwance ta kusa.

Biyu daga cikin ukun da suka rage sun dawo bayan sallar layya. Na ukun, Usman, an tura shi wurin kawunsa da ke kiwo a wajen Dangoma a cikin kwanakin nan, bai sake zama a aji ba. Har yau idan tana ba da labarin sai ta faɗi sunansa, ba ta tsallake shi.

Jidda ta gama firamare, ta yi sakandare a Gwandu, yanzu tana cikin masu zagayawa yi wa dabbobi allurar rigakafi a yankin Kalgo. Aikin na bukatar a rubuta yawan shanun da aka yi wa. A rugagen da ba sa son ƙirga, allurar da ta fito da ita take dubawa, ta ɗebe wadda ta rage. Mahaifinta ya ce wannan ma bai ga aibunsa ba.

Malama Kubura ba ta ɗaukar dabarar a matsayin tata. Malaman da suka zo gani daga Ceberu da wasu makarantu ta kan ce musu su gode wa mai igiya. Kowace shekara idan sabon gero ya shigo sai ta kai wa Zulai gishiri da busasshen kifi daga Kalgo, Zulai kuma har yanzu mai yanka ba wuƙa take kiranta. Baffa Sambo ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma hannunsa bai manta ba.

A makon jiya maɗaurai biyu na igiya ta uku suka tsinke, bayan shekara goma sha huɗu a hannun yara. Mai gadin makarantar ya ce zai ƙulla mata da leda. Ta ce ya bari. Ranar Asabar ta naɗe igiyar ta kai ruga, ta zauna tana shan fura yayin da dattijon ke lalube yana tufka sababbi. Da ya gama ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har goma, ya miƙa mata. Ranar Litinin da safe, kafin a buga ƙararrawa, ta mayar da ita jikin bango, ta ɗaura maruƙanta.