Na Hana Tsohon Reluwe Ɗaki Saboda Sunansa

Shekarar da aka ɗauke ni aiki a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarmu, ni yarinya ce mai rawar kai, ina ji da kujerar da aka ba ni. Da damina iska ta kwashe rufin gidaje a wata unguwa a Kafanchan, hukuma ta buɗe ɗakuna don waɗanda suka rasa makwanci, aka ce ni zan yi rajista. An miƙo mini takardar sharuɗɗa, na cusa a jaka ban karanta ba. Ai a ofishinmu, ko aiki kake nema ko gurbin karatu, takardar shaidar ɗan asali ake fara tambaya, sai na ɗauka nan ma haka ne.

Wani tsoho ya zo da jakarsa da rediyo. Da ya faɗi sunansa na ji na mutanen gabas ne, sai na ce ya je ƙaramar hukumarsu ta ba shi ɗaki. Ya yi dariya, ya ce a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, babansa direban jirgi ne, garin da nake tura shi kuwa sau biyu ya taɓa zuwa, duk jana'iza ce ta kai shi. Na kafe cewa doka ce. Kwana biyu ya yi a barandar coci.

Rana ta uku matan zumuntar cocin suka cika mini teburi. Wata ta tambaye ni ko iskar ta duba takardar asali kafin ta ɗauke masa rufi. Shugabar sashenmu ta sa na zaro takardar sharuɗɗan na karanta a gaban kowa. Ashe sharaɗi ɗaya ne, mai unguwa ya shaida cewa a nan mutum yake zaune. Aka kira mai unguwar, ya ce tsohon nan har bikin auren iyayen shi mai unguwar ya ci. Kunya ta rufe ni, na durƙusa na ba Baba haƙuri. Ya ce ya yafe, amma in zaɓa masa ɗakin da ba ya yoyo.

Yanzu muna dariyar abin, amma kwana biyun nan na barandar coci suna damuna har yau, domin ba doka ce ta kwantar da shi a can ba, ni ce. 'Yan'uwana masu riƙe da rajista, ku karanta abin da aka ba ku kafin ku ce wa mutum ba nan ne gidansa ba.